Digirgir da binciken bayansa a fannin garkuwar jiki da jijiyoyi: ina za ka nufa?

Mai son shiga wannan fanni, inda ake nazarin yadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa ƙwaƙwalwa da laka, yakan fara da tambayar wace ƙasa zai je. A ganina akwai tambayar da ta riga ta: da ɓeraye za ka yi aiki, ko da jinin marasa lafiya?

A ɗakin gwajin ɓeraye, ana tayar musu da ciwo mai kama da cutar MS, wadda ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Kowace safiya sai ka ɗaga ɓera ka duba ko jelarsa ta saki, ko ya fara jan ƙafafun baya, ka rubuta masa maki. Sakamako na fitowa da wuri, kuma da ɓeraye ne ƙungiyar Jonathan Kipnis ta Jami'ar Virginia ta nuna a 2015 cewa akwai magudanan ruwan garkuwa a tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce magunguna da dama sun warkar da ɓera, da aka zo kan mutum suka gaza.

Ɗakin da ke manne da asibiti kuwa sai mai haƙuri, domin za ka jira izinin kwamitin ɗa'a, ka jira samfuri. Amma a irinsa ne Vanda Lennon ta Mayo Clinic ta gano a 2004 wani sinadarin garkuwa da ya raba cutar NMO, mai kama jijiyar ido da laka, da MS, har maganin majinyata ya sauya. Ni nan zuciyata ta fi karkata.

Sai batun ƙasa. Digirgir a Amurka kan ɗauki shekara 5 zuwa 6, amma shekarar farko za ka zaga ɗakuna biyu ko uku kafin ka zaɓi malami, wannan kuwa babbar garaɓasa ce. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, galibi kan aikin da aka riga aka tsara. A Suwidin, kamar cibiyar Karolinska, ma'aikaci kake mai albashi tsawon shekara 4.

Wanda ya gama digirgir, yana son ci gaba da bincike, ya karanta sharuɗɗan tallafi da kyau. Tallafin F32 na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, na 'yan Amurka ne da masu takardar zama na dindindin, tallafinta na K99 kuwa baƙo ma na iya nema. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai na ba da wata 12 zuwa 24, muddin ba ka zauna ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka wuce ba. Gidauniyar Humboldt ta Jamus wata 6 zuwa 24 take bayarwa.

Kafin ka sa hannu, nemi tsofaffin ɗaliban malamin biyu, ba waɗanda shi ya haɗa ka da su ba. Ka tambaye su sunan wa ke zuwa farko a maƙala, kuma wanda ya tashi ana barinsa ya tafi da aikinsa ko a'a.