Samfurin kwali ko na injin 3D: wanne ya dace da zanen gidan rawa?

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwali za ka yi. Tunda aikin kammala karatun naka na zanen gine-gine gidan rawa da wasannin dandali ne, kuma a cikin birnin Kano ka ajiye shi, to tsakanin samfurin da za ka yanka da hannunka da wanda za ka kai wa masu injin 3D (injin da ke narka zaren roba ya gina siffar abu daga zanen kwamfuta) su fitar maka, ka sayi kwali da reza da rula ta ƙarfe ka zauna. Duka biyun ina da su a ofis, ba ji na yi a bakin wani ba.

Da a ce shaguna kake zanawa ko gidan haya, da ban ja da kai ba, domin su fuskarsu ake kallo. Shi kuwa gidan rawa duk rigimarsa a ciki take. Wanda ya zauna a layin ƙarshe, yana hango ƙafar mai rawa ko kuwa daga ƙugu zuwa sama kawai yake gani? A wasan kwaikwayo in an ga fuska an ji magana an gama, amma a rawa ƙafa ce abin kallo, kuma ita ce abu na farko da kan mutumin gaba yake tarewa. Wannan ba ka gane shi sai ka yi samfurin zauren a ma'aunin 1:50, wato santimita ɗaya a samfuri daidai da santimita 50 a gini, rufinsa mai ɗagawa. A wannan ma'auni mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma santimita 3.4, idon wanda ke zaune kuma, da yake kusan mita 1.2 daga ƙasa, zai koma santimita 2.4. Ka yanka 'yan mutanen kwali ka jera su a layuka, ka huda bangon baya daidai tsayin idon mai zama a layin ƙarshe, ka leƙa. In kawuna sun rufe gaban dandamali, sai ka ƙara wa matakalar kujerun tudu da yanki ɗaya na kwali, ka sake leƙawa. Kafin shayinka ya huce ka gwada tudu iri uku.

Akwai samfurin wani ƙaramin zaure da har yau yake kan kabad ɗina, duk ya yi ƙura, gefensa ɗaya da tabon reza, kuma ba na yarda yara su jefar da shi. Wata ƙungiya ce ta kawo mana aikin, suna son dandamali irin na silima: bango uku, labule a gaba, kujeru duk suna fuskantar gefe ɗaya. Haka muka yi musu. Ranar da aka zo dubawa sai suka taho da wani dattijo da ya daɗe yana jagorantar 'yan rawar Koroso. An baza zane a tebur, an kunna hotunan kwamfuta masu sheƙi, bawan Allah bai ce uffan ba, sai gyaɗa kai. Da aka ɗaga rufin kwalin sai ya gyara zama, ya ɗauki murfin biro ya ajiye a bakin ƙofar gefen dandamali, ya ce, "Yallaɓai, ta nan za su fito?" Na ce ta nan. Ya ce ai su ba sa fitowa su tsaya sannan a fara. Tun daga waje mai sarewa yake tashin su, su shigo bibbiyu suna takawa, kayan ƙafarsu na kacau-kacau, kuma ƙofar nan ko mutum ɗaya sai ya karkace. Ya tura murfin biron zuwa tsakiya, ya zagaya da shi, ya ce makaɗa fa? Mai ganga ba ya zama a rami ko bayan labule, dole ya ga ƙafar da yake kaɗa wa. Sannan ya ɗora yatsa a gaban dandamalin da muka ɗaga sama, ya ce, "To masu liƙi ta ina za su hau?"

A gabansa na sa reza na faɗaɗa ƙofar, na zare bangon gefe biyu, na sauke dandamalin na turo shi cikin jama'a yadda kujeru za su kewaye shi ta gefe uku, na manna matakala masu faɗi a gaba. Dattijon nan har da tashi tsaye, yana cewa yauwa, yanzu ka yi fage. Da roba ce daga inji, da ba wanda zai yi ƙarfin halin taɓa ta, ni ma da ba zan iya yanka ta a wurin ba. Mutane suna jin nauyin abin da ya yi kama da gamamme. Kwali mai alamar fensir a jiki kuwa, kowa yana ganin yana da ikon sa baki.

Ka riƙe maganar dattijon nan, domin malamanka ma za su iya tayar da ita ranar kare aiki. Mu a nan wasa a da'ira ake yin sa. Ka je gidan dambe ka gani, ko dandalin biki: 'yan kallo ba baƙi ba ne da aka zaunar a duhu, suna guɗa, suna shiga fage su yi liƙi su fita. Ga kuma abin da kowane ɗan Kano ya sani ba sai an rubuta masa ba: ɗakin sauya kaya na mata da ƙofarsa daban, hanyar da ba za ta sa su ratsa cikin maza ba, wurin alwala da na salla, bandakin da bai fuskanci alƙibla ba. Duk waɗannan sai an matsa bango an sake matsawa kafin su zauna.

Sai rana. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacinmu da tsakar rana, sauran watannin kuma ta kudu. Littattafan da aka rubuta don Ingila za su ce maka bangon arewa ba ya ganin rana, ka buɗe masa manyan tagogi. A nan yana gani. Ka fitar da samfurinka tsakar gida, ka daidaita shi da kamfas ɗin waya, ka duba shi da hantsi, ka duba bayan la'asar, lokacin da ranar yamma ke dukan bango kamar da gayya, kuma lokacin ne ɗakin atisaye yake cika. Kwali yana tare haske kamar bango na gaske. Farar roba mai siririn bango kuwa haske yana ratsa ta, sai ɗakin ya yi maka wani haske na ƙarya. Ka kuma tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan gargajiya suke ba bangon gabas kulawa ta daban. In kana da fage na waje marar rufi, kar ka bar bakinsa a buɗe ta can.

Sauti ne kawai kwali ba zai gaya maka kai tsaye ba, roba ma ba za ta gaya maka ba. Masu kuɗin gaske, irin waɗanda suka gina zauren kiɗa na Walt Disney a Amurka da aka buɗe a 2003, sai da suka yi samfuri a ma'aunin 1:10, wanda mutum ke shiga ciki, suka gwada sauti. Kai ba ka da wannan halin. Amma akwai tsohuwar dabara: ka manna takardar alminiyam a cikin rufin da bangon baya, ka kashe fitila, ka haska ƙaramar tocila daga inda makaɗa za su zauna. Inda haske ya taru wuri ɗaya, nan sauti zai taru. Ina faɗin haka ne don na san halin ɗalibai, da an ce Kano sai kowa ya kifa ƙatuwar ƙubba a kan zaure don a ce ya yi gargajiya. Ƙubba mai santsi a kan ganga da kalangu, wasu kujeru kunne zai toshe, wasu kuma amsa-kuwwa kawai za su ji. In bakan gizo kake so, wato rufin gargajiya mai lanƙwasa, ka shiga Gidan Makama ka ɗaga kai ka ga yadda aka rarraba rufi da bakuna da azara, ba fili ɗaya sumul ba.

Injin 3D ɗin da nake da shi fa? Yana nan a lungu, an lulluɓe shi da tsohon zani saboda ƙurar hunturu. Yana fitar da kujeru ƙanana da zanko da kyau, iyakar abin da zan ce ke nan a yabonsa. Irin waɗanda suka fi yawa a hannun mutane farantin da suke gina abu a kai santimita 22 ne a kowane gefe. Zaure mai mita 30 a ma'aunin 1:100 ya zama santimita 30, ya riga ya fi ƙarfin farantin, balle a 1:50 da zai kai 60. Sai an yanyanka shi gida-gida an manna, ka ga an dawo kan gam ɗin da kake gudu. In ka ce a rage zuwa 1:200 don ya shiga, bangon bulo mai inci tara ya koma milimita ɗaya da 'yan kai, abin da bakin injin ke shafawa sau biyu ko uku kawai. Yanki ɗaya yana cin sa'o'i masu yawa, in aka ɗauke wuta a tsakiya kuma babu inbata, sau da yawa sai a sake daga farko. Zaren robar da aka fi amfani da shi, PLA, yana fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar shi cikin mota a rufe a watan Afrilu a Kano, ka dawo ka tarar rufin zaurenka ya lotsa. In da ginin naka irin gidan wasan Sidni ne na Ostireliya, mai rufi kamar ɓawon ƙwai, to da na ce a nemi inji. Su ma can, mai zanen da 'yan gutsattsarin katako da aka yanko daga ƙwallo ɗaya ya nuna yadda rufin zai tsaya.

Abin da ya fi ba ni haushi da injin shi ne yana sa ɗalibi ya kamu da son siffar waje. Babban gidan wasan ƙasa na Iganmu a Legas, wanda aka gama a 1976 don FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, an kwaikwayo shi ne daga wani gini na birnin Varna a Bulgeriya. Kowa ya san shi da kamar hular soja, amma tambayi mutum goma yadda cikinsa yake ka ji. Kar naka ya zama haka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu wannan sana'a, musamman lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke rububi. Akwai masu amana a cikinsu, akwai kuma wanda za ka ce 1:200 ya matse maka zuwa 1:250 don ya rage zare da lokaci, ya san ba za ka zo da rula ba. Ka zo da ita, ka auna bango ɗaya a gabansa kafin ka cika kuɗi. In da nauyin giram yake caji, a ɗora a sikeli kana kallo. Wani zaren nasa ya daɗe a buɗe ya sha danshin damina, abin zai fito da gashi-gashi yana karyewa, ya ce maka zanenka ne bai yi ba. Mafi muni su ne masu cewa kawo kuɗi kawai, akwai gidan wasa a ajiye. Daga intanet suka sauko da shi, wataƙila sun riga sun sayar wa wani a Wudil ko Zariya, kuma malamin da zai zo daga waje ya duba ku yana zagaya makarantun nan duka. Kar kuma ka ba kowa fiye da rabin kuɗi kafin ka ga aiki.

Masu kwali ma ba waliyyai ba ne. A ɗauri ɗaya za a sa maka biyu masu kyau a sama, na ciki sun sha ruwa sun kumbura. Ka zaro kowanne ka daidaita gefensa da idonka. Gam ɗin UHU na jabu ya yi yawa, wari kawai gare shi ba riƙo. Ko na gasken ma, irin mai ƙamshin fetur ɗin nan yana cinye soson da ke tsakiyar farin allon nan mai soso, don haka a kansa farin gam irin na kafintoci za ka sa, kaɗan, da tsinken sakace.

Ka yi samfuri guda biyu. Na farko 1:500, na unguwar gaba ɗaya, da titi da makwabta da inda adaidaita sahu za su sauke mutane, domin in an tashi daga wasa jama'a lokaci ɗaya suke fitowa. Na biyu 1:50, zauren kaɗai, a yanke shi a tsakiya a ga matakalar kujeru da tsayin rufi da ƙasan dandamali. A nan ka nuna katakon da aka ɗora a kan wasu katakai yadda zai riƙa ɗan lotsawa, don siminti tsagwaronsa yana kashe gwiwar mai rawa, kuma malamai suna lura da wanda ya san haka. In kujeru ɗari biyu sun gagare ka yankawa, su kaɗai ka kai wa masu inji. Zanen kwamfuta kuwa ba makawa sai ka yi shi da kyau, ko gobe ka fara aiki zane ake kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba kwali ba.

Gindin samfurin ka sa a yanko maka falankin katako a 'yan katako na Na'ibawa, kar ka ɗora a kan kwali, zai lanƙwashe a hannu. Kafin a yanka, ka auna faɗin ƙofar ɗakinku da kujerar bayan adaidaita sahu. Reza kuma ka sayi fakiti guda, da ka ji ta fara jan kwali maimakon yanka shi ka karya bakin ka ci gaba. Allah ya ba da sa'a, in ka yanka na gwaji ka ɗauko hotonsa daga layin ƙarshe mu gani.