Masaukin majinyata na asibitin ciwon daji: sharhin matar da ke raka mijinta

Asibitocin da ke da cikakken sashen kula da ciwon daji ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan birane, shi ya sa duk gidan da cutar ta shiga sai mutanensa sun zama matafiya, ko suna so ko ba sa so. Wannan sharhi ne a kan masaukin majinyata na asibitin da ake duba maigidana tun bayan da aka yi masa tiyatar kansar babban hanji, da kuma hidimomi biyu da ke tafiya tare da masaukin, wato ofishin tsara lokutan ganin likita da motar da ke jigilar majinyata zuwa asibiti. Ni mai rakiya ce, saboda haka da idon mai rakiya na auna wurin. Ban ambaci sunansa ba domin akwai irinsa a kusa da asibitoci da dama, kuma abubuwan da ya kamata mutum ya duba kafin ya kama ɗaki a cikinsu duk ɗaya ne.

Wanda bai taɓa jinyar wannan cuta ba yakan ɗauka cewa da an gama tiyata an huta da zirga-zirga, alhali a lokacin ne take somawa. Maigidana ya yi watanni yana karɓar kemoterafi, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, irin wadda ake maimaitawa bayan kowane mako biyu, inda ake sa masa wani ɓangare na maganin a asibiti, sannan a haɗa masa ƙaramin famfo da yake ratayawa a jiki, wanda ke ci gaba da ɗura sauran maganin a hankali har tsawon awa 46 kafin a koma a cire shi. Ga wanda gidansa ke nesa, wannan kaɗai ya wajabta masa kwana a kusa da asibiti. Bayan an kammala maganin sai a shiga zangon bibiya, wanda yakan kai shekara 5: ganin likita da gwajin jinin da ake kira CEA, wanda ke auna wani sinadari da yakan ƙaru idan cutar ta dawo, bayan kowane wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, hoton CT na ƙirji da ciki sau ɗaya ko biyu a shekara, da kuma leƙa cikin hanji da na'ura mai kyamara bayan shekara guda da yin tiyata. Ana matse lokutan ne a farko domin idan cutar za ta dawo, ta fi dawowa a cikin shekara 2 zuwa 3 na farko, kuma idan aka gano ta da wuri a hanta ko a huhu, wani lokaci ana iya sake yin tiyata a cire ta. A wannan zango muke yanzu, kuma na ga masaukin a dukkan zangon biyu.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya sa muke ci gaba da sauka a wurin, ofishin tsara lokaci zan zaɓa. Gwaje-gwajen nan suna da jeri wanda ba a tsallake shi. Kafin a yi hoton CT mai haɗe da ruwan da ake ɗurawa ta jijiya, akan duba lafiyar ƙoda ta gwajin jini, domin ƙoda ce ke fitar da ruwan daga jiki. Likitan hoto yana buƙatar lokaci kafin ya rubuta rahotonsa, shi kuma likitan ciwon daji ba shi da abin da zai faɗa mai gamsarwa sai sakamakon jini da rahoton hoto suna gabansa. Idan aka bar kowane sashe ya ba da rana yadda ya ga dama, abin da tafiya ɗaya ta isa ta gama sai ya watsu a cikin makonni, kowace rana da kuɗin motarta da izinin da za a nema a wurin aiki. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da fayil ɗinmu takan jera su ne bi da bi, jini da safe, hoto daga baya, ganin likita bayan rahoto ya fito, har da wanke ƙaramar na'urar da aka dasa masa a ƙarƙashin fatar ƙirji domin ɗura magani, wadda ake buƙatar wanke ta lokaci zuwa lokaci don kada ta toshe.

A lokacin kemoterafi ne na fi ganin amfanin wannan ofishi. Ba a ba mutum magani idan fararen ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta sun yi ƙasa, ko ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ba su kai adadin da ake so ba, sai dai a ɗage ranar. Akwai waɗanda na gani a ɗakin jira sun yi doguwar tafiya sun iso, aka ɗebi jininsu, sannan aka ce su koma gida sai mako mai zuwa. Mu kuwa an shirya mana yin gwajin a wani ɗakin gwaji da ke kusa da mu kafin mu taso, a tura sakamakon ta intanet. Akwai lokacin da ma'aikaciyar ta kira ni da yamma ta ce, "Malama, kada ku taso gobe, jinin maigida bai kai ba. Mun mayar da ranarku mako mai zuwa, ɗakin ma mun mayar da shi." Wanda ya taɓa ɗaukar marar lafiya mai tashin zuciya a mota na tsawon sa'o'i ya san darajar wannan kira.

Ɗakunan ba su da wani ado, amma an tsara su da sanin halin masu shan magani. Ɗaya daga cikin magungunan da aka ba maigidana, oksaliflatin, yana sa jiki ya ƙi sanyi na wasu kwanaki bayan an karɓe shi: idan ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya ji kamar lantarki ya ja shi, idan ya sha ruwan sanyi sai ya ji maƙogwaronsa ya shaƙe. A otal, inda wani lokaci ba ka da iko da na'urar sanyaya ɗaki, wannan azaba ce. A masaukin kowane ɗaki yana da makunninsa, akwai butar dafa ruwa, akwai ƙarin bargo ba tare da an roƙa ba, kuma banɗaki a cikin ɗaki yake, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda aka yanke wa wani sashe na hanji, ko wanda ya sha maganin wanke ciki a daren da za a leƙa hanjinsa. Tsaftar wurin ba ta da abin kushewa, kuma ana hana mai mura ko tari shiga falon da ake haɗuwa. Da farko wasu baƙi sukan ga tsaurin ya yi yawa, amma garkuwar jikin mai karɓar kemoterafi takan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, kuma zazzabin da ya kai digiri 38 a irin wannan lokaci lamari ne na gaggawa da ba ya jiran wayewar gari. An ajiye ma'aunin zafin jiki a kowane ɗaki, an liƙa lambar likitan dare a bayan ƙofa, kuma da na kira ta an ɗauka.

Motar jigila tana zuwa a kan lokaci da safe, direbobin kuma suna da haƙuri da masu tafiyar hawainiya. Aibinta shi ne tana daina aiki tun da sauran rana, alhali layin hoto ko ɗurin magani yakan kai mutum har duhu, sai mai rakiya ta fita neman tasi da majinyaci a jingine a kafaɗarta. Takardar shawarwarin da suke bayarwa game da doguwar tafiya tana da amfani, musamman gargaɗin cewa ciwon daji da maganinsa suna ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma zaman da ya wuce awa 4 wuri ɗaya yana ƙara shi, saboda haka a riƙa tsayawa ana taka ƙafa ana shan ruwa.

Babban ƙorafina yana kan tazarar da ke tsakanin ɗaukar hoto da jin sakamako. Duk wanda ke cikin zangon bibiya ya san cewa allura da gwaji ba su ne suka fi wuya ba, daren nan ne da hoton ya riga ya shiga kwamfutar asibiti, wani ya gani ko zai gani, ku kuma ba ku san abin da ke ciki ba. Maigidana yakan yi shiru ya juya fuska ga bango, ni kuma in kwana ido biyu ina lissafin abin da zan faɗa wa yara idan labarin bai yi daɗi ba. A daidai wannan lokaci ne masaukin yake zama wurin kwana kawai. Ofis ya tashi, babu mai ba da shawara, babu wanda zai zauna da mutum ko da na ɗan lokaci. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne manhajar asibitin da ke turo sakamakon jini a waya tun kafin likita ya yi bayani, sai mutum ya ga lambar CEA ta ɗan motsa hankalinsa ya tashi, alhali shan sigari ko kumburi a hanji ko matsalar hanta duk suna iya ɗaga ta, kuma likitoci ba sa yanke hukunci da gwaji ɗaya sai sun maimaita shi sun ga inda ya dosa. Wurin da ya san a ajiye ƙarin bargo saboda oksaliflatin, ya kamata ya san wannan dare ma, ya ajiye ma'aikaci guda da za a iya magana da shi.

Wannan ya haɗu da wani gibi da ya fi faɗi, wato yadda tsarin gaba ɗaya yake mance mai rakiya. Ita ce ke riƙe da jakar takardu, ita ce ke tuna sunayen magunguna da lokutan shansu, ita ce ke rubuta abin da likita ya faɗa domin majinyaci yakan fito bai riƙe rabinsa ba. Duk da haka gadon da aka tanadar mata mai naɗewa ne mai cin baya, kuma sai da na yi ta kai da komo kafin in samu takardar shaidar rakiya da zan kai wurin aikina. Ba na neman a mayar da mai lafiya majinyaciya, amma idan ta faɗi, babu wanda zai kawo majinyacin wata mai zuwa.

Falon haɗuwa yana da amfani da illa. A nan na koyi abubuwa da yawa daga matan da suka riga ni shiga wannan hali, kamar rubuta tambayoyi tun daga gida da neman kwafin kowane rahoto. A nan kuma ake jin labarin wanda aka saba gani a zuwan baya, yau ba ya nan. Wasu ranakun nakan zauna, wasu ranakun nakan wuce ɗaki kai tsaye, kuma ma'aikatan ba sa matsa wa kowa, wanda na yaba musu a kai.

Game da kuɗi, ɗakin bai kai tsadar otal ɗin da ke unguwar asibitin ba, kuma ba a cajin mutum idan likita ne ya ɗage ranarsa. Matsalar ita ce ɗakunan ba su isa ba, ana fifita masu karɓar gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, waɗanda sukan zo kwana biyar a mako har tsawon makonni, kuma na yarda hakan adalci ne. Sai dai masu zuwa bibiya irinmu ba a tabbatar musu da ɗaki sai tafiya ta matso, lokacin da tikiti ya riga ya yi tsada, ko wasu masaukan sun cika.

Ina ba masu karɓar kemoterafi daga nesa shawarar su nemi wurin ba tare da wani jinkiri ba, haka ma waɗanda za a haɗa musu hoto da leƙa hanji a tafiya ɗaya. Wanda gwajin jini da ganin likita kawai zai yi, ya fara tambaya ko za a iya ɗibar jinin a kusa da gida a yi ganawar ta bidiyo, domin ofishin yana shirya hakan idan likita ya amince, amma ba ya faɗa sai an tambaya. Kafin a biya kuɗin ɗaki kuma, a nemi sanin ƙarfe nawa motar ƙarshe take barin asibiti, da kuma ranar da za a tabbatar da ɗakin a rubuce.