Yankar kati da asuba, ko kiran waya?

Hanyar da muka saba a Kano wajen ganin likita ita ce sammako: a yanki kati, a zauna kan benci har a kira suna. Haka ake cika asibitin Murtala da na Nasarawa tun da sassafe. Kuɗin da sauƙi, amma yinin ya tafi, kuma tsohuwa mai hawan jini ko ciwon suga ba ta jure wannan dogon zaman, balle lokacin zafi.

Wasu asibitocin kuɗi kuwa kira ko saƙon WhatsApp ya isa, su ba ka rana da lokaci. Akwai tsada, gaskiya. Ni dai saboda Hajiyarmu wayar nake zaɓa. Ranar da uzuri ya taso, nakan kira da wuri a bai wa wani mara lafiya gurbinmu.