Haruffa masu launi biyu da na sa aka ƙera mini a Jos

Wata malama mai makarantar yara a Unguwar Rogo ce ta kawo mini aikin. Littafin koyon karatu take so, wanda yaro zai buɗe ya gane ƙ daban take da k tun kafin a faɗa masa. Muna cikin magana sai Alƙur'anin kakana na rubutun hannu ya faɗo mini a rai, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja. Na ce mata haka za mu yi: jikin harafi baƙi, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ja.

Na daɗe ina ɗab'i a shagona kusa da Taminus, amma ban taɓa ƙera fon ba, wato salon haruffan kwamfuta. Bin kowace ƙugiya a shafa mata launi a littafi guda kuwa sai a shekara ana yi. Sai aka haɗa ni da wani matashi mai zane a kwamfuta, wanda ya gaya mini gaskiya cewa wannan ne karonsa na farko da fon mai launi.

Hannunsa yana da kyau ƙwarai. Haruffan masu kauri ne, ƙugiyar ta lanƙwasu sosai, ana hango ta daga nesa. Ya sa alamar naira, ya sa ƴ da mutanen Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y, ya kuma zana Dagin Arewa da kore da ja da rawaya don adon kan shafi. Ranar da na fara gani na ji daɗi har na kira malama.

A wajen lambobi aka samu tangarɗa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma tsarin Unicode ne ya raba wa kowane harafi tasa: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. Matashin kuma sai ya bar haruffa marasa launi a gurabensu, ya kwashi masu launin ya kai su U+E000 zuwa sama. Wannan yanki gurbi 6,400 ne, ya ƙare a U+F8FF, kuma da gangan aka bar shi ba kowa, kamar filin bakin kasuwa da ba a yanka wa kowa rumfa ba, wanda ya zo ya baza kolinsa. Kamfanin Apple ma a gurbin ƙarshe ya ajiye tambarinsa. Lambar da ka ɗauka a can ba ta da ma'ana sai a cikin fon ɗinka.

Na tura wa malama rubutun ta waya don ta duba kurakurai, sai ga ta da kira: duk inda ƙ take ɗan akwati ya fito. Na nemi kalmar "ɗalibi" a cikin fayil, kwamfuta ta ce babu, alhali ga ta nan a shafuka da yawa ina kallo. Yarinyar da ke mana bugu kuwa sai ta riƙa kwafo harafi ɗaya-ɗaya daga wani jadawali.

Da na same shi ya ce, "Oga, ai Unicode ba ya ba launi lamba, harafi kawai yake ba wa." Gaskiyarsa ce. Na ce, "To ƙanena, tunda haka ne bar ƙ a gidanta, ka sa mata riga a can." Bai yi musu ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Ya koma ya yi bincike, ya dawo da fon da aka gina a kan tsarin COLR da CPAL, wanda Microsoft ya fito da shi a 2013 tare da Windows 8.1 saboda emoji. Harafin yana nan a lambarsa ta asali, sai a jera zane kan zane, kowanne da launinsa, launukan kuma suna ajiye a wuri guda. Idan manhaja ba ta san launi ba, sai ta nuna baƙin harafi lafiya lau. Dagin Arewa kaɗai ya bari a U+E000, domin shi ba shi da lamba a Unicode, kuma don irinsa aka ware filin. Ya rubuta mini wannan a takarda na liƙa a bango.

A burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome da Firefox, jan yana fitowa ras. Tsohuwar manhajar tsara shafi da ke shagona baƙi kawai take nunawa, don haka a burauza muka tsara littafin muka fitar da PDF. Gyaran bai karɓi ko kobo a kansa ba. Abin da ya ci mini rai shi ne mako ukun da muka ɓata, har makaranta ta koma hutu littafi bai fito ba, kuma da ya tambaye ni tun farko ko za a tura rubutun wani wuri da ba a kai ga haka ba.

Duk da haka zan sake ba shi aiki. Malama ta riga ta ce tana son na Ajami mai jan wasali, na kuma gaya masa tun yanzu cewa kowane baƙi a lambarsa ta Larabci zai zauna.