JAMA'A KU YI HATTARA DA MAI TALLAR INSOL ƊIN NAN, 99,500 YA CI MIN

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta abin nan ina gogewa saboda kunya, amma ɗazu da na buɗe Facebook sai ga tallar mutumin ta sake fito min, ya canja sunan shafi amma bidiyon shi ne, farar rigar likitan ita ce, muryar ita ce, wallahi sai da jikina ya ɗauki rawa. Shi ya sa na ce duk abin da za a ce a kaina a ce, sai na faɗa.

Naira 99,500. 85,000 kuɗin kaya, 14,500 wai kuɗin kwastam. A kan soso. Soson cikin takalmi, wato insol, guda huɗu wanda daga baya na gani da idona a teburin mai takalma ana sayar da shi 2,000.

Ni a Kantin Kwari nake, shekara 14 ina harkar atamfa da shadda da leshi, duk wanda ya san kasuwar nan ya san ba wurin da za a yi maka wayo cikin sauƙi ba ne, na ga alat na bogi, na ga masu zuwa da manyan kaya su ce Hajiya ce ta aiko su, ba wanda ya taɓa cin sisina. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa ai son banza ne ko rashin wayo. Wane son banza? Ba riba na je nema ba, ciwo ne ya kai ni. Ƙafata tun ina yaro a shafe take, in na yi alwala na taka siminti sawun cikakke yake fitowa, babu ramin nan na tsakiya da ake gani a sawun mutane, kuma bai taɓa damuna ba sai shekara biyun nan da jiki ya ɗan ƙaru ga tsayuwa tun safe har yamma ga hawa bene da sauka. In na tashi sallar asuba takun farko kamar an soka min ƙusa a dunduniya, sai na dafa bango nake kaiwa banɗaki.

To ga inda ya kama ni, kuma wurin nan nake ta maimaitawa a raina har barci ya gagara. Ni “nawa ne” kawai na rubuta masa a WhatsApp. Bai faɗi kuɗi ba. Sai ya turo murya, a nitse, da sallama da komai, ya ce “Alhaji kafin mu yi maganar kuɗi bari in tambaye ka, in ka tashi da asuba takun farko ne ya fi zafi ko? In ka ɗan zagaya sai ya lafa, da yamma kuma ya dawo?” Ina zaune a kan benci a ƙofar shago. Sau uku na saurara. Har yaron shagona na miƙa wa wayar na ce ji nan, mutumin nan bai taɓa ganina ba amma ya karanto ciwona kamar a jikinsa yake. Takun farko. Ni ban gaya masa ba, wallahi ban gaya masa ba, ga hirar nan tana nan zan ɗora ku gani. Wane ne zai ji haka bai saki jiki ba?

Kuma ya ce ba ya sayarwa sai ya ga sawu. Ka ji fa. Mai son kuɗinka ai ba zai ce ba ya sayarwa ba, haka na lissafa. Ya ce in jiƙa ƙafa in taka farar takarda, in zagaye da biro, in auna tsawo da faɗi da tef in turo, wai a Turkiyya ake zuba wa kowa nasa daidai ƙafarsa, akwai maganaɗisu a ciki, in na yi wata uku ina sawa lanƙwasar ƙafar za ta dawo har abada. Maman yara ce ta riƙe min wayar muka ɗauki hoto.

Na ce masa sai kaya sun zo in biya. Na faɗa, kar wani ya ce ban faɗa ba. Ya ce “Alhaji kai ɗan kasuwa ne, in tela ya yanka shadda da awonka ka ce ka fasa, wa zai sayar wa?” Maganar ta shige ni saboda gaskiya ce a sana'armu. Na duba kwament a ƙarƙashin tallar duk addu'a ake zuba masa, wannan ta ce mahaifinta ya ajiye sanda, wancan ya ce ya koma ƙwallo. Sunan akawun ya bambanta da sunan da ya ba ni, na tambaya, ya ce na mai ajiyar kuɗin kamfani ne. Ya ba ni adireshin ofis har da lambar shago. Me ya rage ban yi ba?

Na mutum ɗaya 46,000 ne, na mutum biyu ya bar min a 85,000.

Na manta ban faɗi dalilin biyun ba, kuma shi ne abin da ya fi ci min rai. Hajiyarmu. Ita ma tana fama da ƙafa, ga ciwon suga shekara da shekaru, tafin ƙafarta wani lokacin ba ta ma jin sa sosai. Da na ji muryar nan ta takun farko sai na ce ai Allah ya kawo mana sauƙi ni da ita. Ranar Juma'a na je gida, na durƙusa a gabanta na ɗora ƙafarta a kan takarda ina zagayewa da biro, tana dariya tana cewa cakulkuli nake mata, tana sa wa “Dokta” albarka, mutumin da ba ta sani ba. Kuma na gaya masa tana da suga. Na rubuta masa ɓaro-ɓaro. Ya ce “ai Mama ce ma ta fi buƙata, maganaɗisun zai buɗe mata jijiyoyin jini.” Wannan saƙon ma yana nan.

Ya ce kwana 10. Aka yi 10, aka yi 15, sai ya kira wai kaya sun iso Legas kwastam sun riƙe sai an ba da 14,500, a'a tsaya, kafin nan ma ya turo min hoton wani kwali da sunana a jiki an rubuta da maka, shi ya sa da ya ce 14,500 ban yi gardama ba, na riga na zuba 85,000 zan tsaya a kan 14,500? Na tura a tsaye ina cikin ciniki. 99,500 ke nan.

Ranar da direba ya kira ni in zo tasha in karɓa, ba kwali. Baƙar leda ce an naɗe da salatif. Na buɗe a cikin mota, guda huɗu duk girmansu ɗaya, ni ina sa 43 Hajiya tana sa 38, a bayansu an zana layi-layi da lambobi inda mutum zai yanke da almakashi. Abin da aka ce an zuba daidai ƙafata a Turkiyya! Na naɗe shi a yatsa ya naɗu kamar tabarmar roba, sama kuma wasu ƙuraje-ƙurajen roba masu tauri da 'yan ƙarafa kamar maɓalli. Na kira shi a take, ya ɗauka, ya ce sabon samfuri ne, zafin jiki ne yake sa shi ya ɗauki siffar ƙafa, in yanke in sa in ba shi mako biyu. Kuma na yarda. Zan faɗi gaskiya, na sake yarda, domin zuciyata ta ƙi karɓar cewa mutumin da ya san takun farko ɓarawo ne. Da hannuna na yanke na Hajiya na sa mata a takalminta sau-ciki.

Kwana shida ta yi tana sawa. Ƙanwata ce ta ga jini a safarta. Ƙurajen robar nan sun goge mata ƙasan babban yatsa ya yi bororo ya fashe, ita ba ta ji ba sam saboda sugan ya kashe mata jin wurin. A asibiti nas ɗin da ta wanke ciwon ta ɗaga insol ɗin ta ce waye ya ba mai suga wannan, na ce ni ne. Ta ce “Malam, a kan irin wannan ƙaramin ciwon ake yanke wa mutane ƙafa.” Ban iya cewa komai ba. Yau mako na uku ana zuwa wankin ciwo, Alhamdulillahi yana haɗewa, amma kuɗin magani da na mota ban ma sa su a lissafin 99,500 ɗin ba.

Ni kuwa nawa ciwon ƙaruwa ya yi. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je Asibitin Ƙashi na Dala, asibitin da yake nan cikin garin nan tun 1959, kullum ina wuce shi. A wajen masu gashin ƙashi wani ma'aikaci ya duba ni. Ya sa na tsaya a kan yatsu, sai ga lanƙwasar ta fito, ya ce irin tawa mai laushi ce, ita ce ta fi yawa, mutane da dama suna da ita har su tsufa ba ta dame su ba, yara ma duk da shafaffiyar ƙafa ake haifarsu sai suna girma take tasowa. Ya danna wani wuri a dunduniyata ta ciki sai da na yi ƙara. Ya ce wata jijiya ce mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce ta gaji da ja, da dare tana takurewa, shi ya sa takun farko yake zafi. Na ce masa ai mutumin ma ya faɗi haka. Ya ce wannan ita ce alamar da kowa ya sani, duk wanda ya karanta ciwon dunduniya na minti biyar a waya zai faɗe ta, kuma duk wanda ya tambayi kuɗin insol ai da ma ciwon ne ya kawo shi.

Minti biyar. Abin da na saurara sau uku a kan benci, na ba yarona ya ji, na ɗauka ilimi ne.

Ya ce babu insol ɗin da yake mayar wa babban mutum lanƙwasar ƙafa, tallafi kawai yake yi lokacin da kake sanye da shi, kamar tabarau, ka cire ka koma yadda kake. Maganaɗisu kuma ba ya yin komai. Ya nuna min na gaske, tsakiyarsa da ƙarfi ba ya naɗuwa, wurin dunduniya da zurfi kamar ɗan kofi, samansa sumul, kuma ya ce ba a sa shi yini guda daga farawa, awa ɗaya zuwa biyu ake yi ana ƙarawa a hankali, a cikin takalmin da bayansa yake da tauri, silifas ɗin da nake yini da su ma suna cikin abin da ya ja min. Wanda ake yi wa mutum na kansa kuwa sai an ga ƙafar an taɓa ta an ɗauki siffarta, ba a yi da hoton takarda ta WhatsApp. Ya koya min miƙa sharaɓa a jikin bango, da murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa, da jan yatsu da tawul kafin in sauko daga gado. Abin da ba a biya ko sisi. Mako biyu da farawa na fara zuwa masallaci ba dafa bango.

Shi kuwa mai tallar, ranar da na tura masa hoton ƙafar Hajiya, ya gani, alamar ta yi shuɗi, bai ce ko sannu ba ya yi bulokin ɗina. Ko kuma washegari ne, na rikice, domin na tuna na kira da layin maman yara ya ɗauka yana jin muryata ya kashe. Adireshin da ya ba ni na je da ƙafata mai ciwon nan, shagon mai cajin waya ne, yaron ya ce ni ne na huɗu da ya zo neman “Dokta”. Na huɗu! Banki na je na cike takarda sun ce kuɗin an kwashe tun ranar, na kai rahoto wajen 'yan sanda, ina jira.

Wani abokina yana ce min in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah ɗin, amma ban yafe ba. Da ni kaɗai ya cuta da wataƙila na haɗiye 99,500 ɗin na yi shiru, amma na rubuta masa tana da suga. Ya karanta, ya kira ta Mama.

Sikirinshot na hirar, rasit ɗin tiransifa guda biyu, 85,000 da 14,500, hoton ledar da hoton insol ɗin duk zan ɗora anjima in na rufe lambobina, muryar nan ta takun farko ma zan sa ku ji da kunnenku, ku gaya min in ku ne ba za ku yarda ba. Hoton ƙafar Hajiya ne kawai ba zan sa ba.

Kar ku tura kuɗi. Duk wanda ya ce insol zai warkar da shafaffiyar ƙafa ƙarya yake. Mai suga kar ya sa komai a takalmi sai likita ya gani, kuma a dinga duba masa tafin ƙafa kullum. Ku je asibiti.

Har yanzu Hajiya ba ta san nawa na biya ba, ta ɗauka 5,000 ne. Jiya a hanyar wankin ciwo take tambayata ko na gaya wa Dokta abin bai karɓe ta ba, kar ya ji babu daɗi, wai ai shi taimako ya yi niyya. Na ce mata na gaya masa.