Sharhi kan manyan manhajojin kirifto: inda kuɗin sabon shiga ke zurarewa

Na yi amfani da Binance, Kraken da Coinbase wajen sayen kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, da mayar da shi kuɗin banki, kuma hukuncina a kansu kusan ɗaya ne. Suna aiki yadda ya kamata, cajinsu na da sauƙi ga wanda ya san kansu, sai dai hanyar da suke fara ɗora wa sabon shiga a gaban ido ita ce mafi tsada. Ba a kowace ƙasa suke aiki ba, dokar kirifto ma kowace ƙasa da tata, don haka a fara tabbatar da abin da aka halatta a inda ake zaune. Tsarin da zan bayyana dai haka yake a kusan duk manyan dandalin musaya.

A cikin kowace manhaja kasuwa biyu ce. Ta farko ita ce ƙaton maɓallin saye da ke shafin farko: ka rubuta adadi, ka sa lambar katin banki, kafin ka ƙifta ido Bitcoin ya shigo. Ta biyu sai ka neme ta. A Binance sunanta Spot, a Coinbase ana ce mata Advanced, a Kraken kuma Kraken Pro. Asusun ɗaya ne, Bitcoin ɗin ma ɗaya ne, caji ne ya sha bamban. Saye da kati yakan ci kashi 2 zuwa 4 cikin 100, wani lokaci fiye, domin kamfanonin kati suna yankar nasu, dandalin kuma yana tsoron mai kati ya janye biyansa daga baya. Bayan wannan akwai wani cajin da ba ya fitowa a rasit, wato tazarar da ke tsakanin farashin kasuwa na gaskiya da wanda aka nuna maka. Mu ɗauki dala 200 a matsayin misali. In kati ya ci kashi 3.5, dala 7 ta tafi. In an ɗora kashi 1 a kan farashi, ga wata dala 2. Ka biya 200, abin da ke hannunka na 191 ne tun kasuwa ba ta motsa ba. Wannan kuɗin in ka tura shi ta banki ka saya a Spot na Binance, inda cajin yau da kullum yake kashi 0.1 cikin 100, santi 20 kacal za a cire. A Kraken Pro ma cajin bai kai na kati ba ko kusa. Coinbase Advanced ya fi waɗannan biyun tsada ga mai ƙaramin ciniki, amma ya fi maɓallin gaba sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma maɓallin Convert, na musanya wani kuɗi da wani nan take, da Binance ke tallata shi cewa babu caji. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ribarsu tana cikin farashin. Gwada shi abu ne mai sauƙi: duba yawan Bitcoin da Convert zai ba ka a kan dala 100, sannan ka buɗe Spot ka raba 100 da farashin da ke wurin. Bambancin da ka gani shi ne cajin.

Abin da ke korar mutane daga shafin Spot shi ne lambobi ja da kore da ke ta sauyawa, alhali abu uku kawai ake buƙata a wurin. Za ka ga an rubuta BTC/USDT, wato Bitcoin da USDT, kirifton da aka jingina darajarsa da dala: na hagu shi ake saye, na dama da shi ake biya. Jajayen lambobi farashin masu sayarwa ne, koraye na masu saye. Sai ka zaɓi irin oda. Market na saya maka nan take a farashin da ya fi sauƙi a lokacin, kuma ga ƙaramin ciniki a Bitcoin ko Ethereum ya wadatar, saboda masu sayarwa sun yi yawa. Limit kuwa kai ke yanke farashin ka jira kasuwa ta iso shi, kuma a Kraken da Coinbase cajinsa ya fi sauƙi in odar ta zauna tana jira. Inda Market ke cutarwa shi ne ƙananan tsabobin kirifto da ba su da masu ciniki da yawa, domin odarka za ta cinye masu araha ta hau kan masu tsada, ka tashi da farashin da ba ka yi niyya ba. Ba dole ba ne kuma sai ka sayi Bitcoin guda cur, kowane ɗaya ya kasu gida miliyan 100 da ake kira satoshi.

Wajen zuba kuɗi ta banki, sunan asusun bankin dole ya zama daidai da sunan da aka tantance ka da shi a manhajar. Kuɗin da ya fito daga asusun ɗan'uwa ko aboki mayar da shi ake yi, wani lokaci bayan an riƙe shi kwanaki. In an ba ka wata lamba aka ce ka sa a wajen bayanin turawa, ka kwafe ta harafi da harafi, da ita suke gane kuɗin naka ne. A Turai tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna da ake kira SEPA ne hanya mai araha. A Amurka ACH ce, sai dai akan hana fitar da abin da aka saya da ita na wasu kwanaki har kuɗin ya tabbata.

Kafin ko kwabo ya shiga, a gama maganar tsaro. Imel na musamman da kalmar sirrin da ba a amfani da ita a ko'ina. Sannan manhajar Google Authenticator ko makamanciyarta, wadda ke fitar da lamba shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Lokacin haɗa ta za a nuna maka dogon makulli, ka rubuta shi a takarda, domin ranar da waya ta ɓata da shi za ka dawo. Ban yarda a dogara da saƙon tes kaɗai ba, saboda ɓarawo kan yaudari kamfanin waya a mayar masa da layinka kan sabon sim. A kunna jerin adireshin tura kirifto da aka amince da su, ta yadda ko an shiga asusunka ba za a iya tura kuɗi sabon wuri nan take ba. Manhajar kanta a sauke ta daga mahaɗin da ke shafin kamfanin na ainihi, domin 'yan damfara kan sayi tallar da ke fitowa a saman sakamakon bincike.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a gwada ƙofar fita tun kafin a shigo da babban kuɗi. Ka zuba kamar dala 20, ka saya a Spot, ka sayar, ka mayar da kuɗin banki. A wannan zagayen za ka gano ko bankinka na karɓar kuɗi daga dandalin kirifto, kwana nawa yake ɗauka, nawa ake cira, da kuma ko za a nemi ƙarin takardu. Dandali da dama sukan bar mutum ya zuba cikin sauƙi, sai ranar cirewa a ce a kawo shaidar wurin zama. Gara a gamu da wannan a kan dala 20.

Inda aka fi yin asarar da ba ta dawowa shi ne tura kirifto daga wuri zuwa wuri. USDT ɗaya ne a suna, amma yana tafiya a kan netwok, wato hanyoyin tura kirifto, daban-daban. Na Tron, wato TRC20, adireshinsa na farawa da harafin T. Na Ethereum, ERC20, na farawa da 0x. Tarkon shi ne adireshin BNB Smart Chain da Polygon da Arbitrum duk da 0x suke farawa, don haka manhaja za ta karɓi adireshin ba tare da ta yi gargaɗi ba. In ka yi kuskuren netwok zuwa walet, wato manhajar ajiyar kirifto da kai ke riƙe da makullinta, kuɗin na nan, sai ka ƙara wannan netwok ɗin a walet ka gan su. In kuwa zuwa wani dandali ka tura ta netwok da ba sa karɓa, sai yadda suka yi da kai: wataƙila su dawo da shi bayan makonni da caji, wataƙila shi ke nan. Saboda haka daga ɓangaren mai karɓa ake fara zaɓar netwok, sannan a zo a daidaita na mai turawa. Tsabobi irin su XRP, XLM da TON kuma suna buƙatar ƙarin lamba da ake kira Tag ko Memo in dandali za su shiga, saboda adireshi ɗaya dubban mutane ke amfani da shi, wannan lambar ce ke nuna rabon wa ya zo.

Cajin cirewa tsayayye ne, ba ruwansa da yawan kuɗin. In dala 4 ne, ka tura 40, kashi 10 cikin 100 ya tafi, shi ya sa tara kuɗi a tura sau ɗaya ya fi. Ethereum yakan yi tsada lokacin cunkoso, kuma shafin cirewa na nuna cajin kowace netwok kafin ka danna. Wani abin da ke ɗaure wa sababbi kai: USDT da ke walet ɗinka ba zai motsa ba sai kana da ɗan TRX in a Tron yake, ko ETH in a Ethereum yake, domin da su ake biyan kuɗin hanya. Adireshi kuwa kada a kwafe shi daga tarihin ciniki. 'Yan damfara kan turo maka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, don wata rana ka kwafi nasu. A duba har da tsakiyar adireshin, a fara tura kaɗan, in ya isa a tura saura.

Ga wanda bankinsa ba ya haɗuwa da dandali kai tsaye, P2P ce mafita, wato ciniki tsakanin mutum da mutum. Cikin ukun nan Binance ce ke da ita, duk da cewa ba kuɗin kowace ƙasa ake samu a ciki ba. Tsarin mai kyau ne: dandalin na riƙe kirifton mai sayarwa amana har ya tabbatar an biya shi. Rauninsa shi ne da zarar ka danna saki, zance ya ƙare. Don haka kada ka saki saboda hoton rasit, ko saƙon tes, ko don mai saye na ta matsa maka lamba. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun zauna cif. Ka duba sunan wanda ya turo, in ba shi ne sunan da ke kan odar ba, kada ka saki, ka shigar da ƙara ta maɓallin da aka tanada. Dalili kuwa akwai damfara mai ƙafa uku: ɓarawo ya yaudari wani bawan Allah da sunan zai sayar masa da kaya, ya ba shi lambar asusunka, mutumin ya biya, kai ka saki kirifto ga ɓarawon. Wanda aka cuta ya kai ƙara, asusunka ne za a rufe. A guji hanyoyin biyan da ake iya janyewa bayan an tura, a zaɓi ɗan kasuwa mai ciniki da yawa da kyakkyawan tarihin kammalawa ko da farashinsa ya ɗan gaza, kuma duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ko Telegram ku ƙarasa, a rabu da shi, domin dandali ba ya shari'a sai da abin da aka rubuta a cikinsa. Mai saye shi ma kada ya soke oda bayan ya biya.

Abin da ya fi ɓata mini rai a waɗannan manhajoji, musamman masu tarin maɓallai, shi ne yadda cinikin Futures, wato yin fare kan inda farashi zai nufa, ke kusa da hannun wanda jiya ya buɗe asusu. Da ninki 20, wato yin ciniki da ninkin kuɗinka sau 20, in farashi ya juya maka baya da kusan kashi 5 cikin 100 an share kuɗinka, kuma Bitcoin kan yi irin wannan motsi a yini ɗaya. Sabon shiga ba shi da abin yi a wurin. A ganina Binance ta fi araha amma ta fi ruɗarwa, Coinbase ta fi sauƙin fahimta amma ana biyan sauƙin, Kraken Pro kuma ta fi dacewa da mai iya tura dala ko yuro ta banki.

Ko wacce aka zaɓa, girman dandali ba lamuni ba ne. Mt. Gox ta rushe a 2014, FTX ta durƙushe a watan Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki, an kuma sace kusan dala biliyan 1.5 daga Bybit a Fabrairun 2025. Kuɗin da za a daɗe ana ajiya ya fi dacewa da walet na kai, in ya yi yawa a sayi na'ura irin Ledger ko Trezor daga kamfanin kai tsaye. Walet zai ba ka kalmomi 12 ko 24, duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin. A takarda ake rubuta su, ba a ɗaukar hotonsu, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai taɓa tambayarka su. Ga mai dala 50 kuwa, barinta a dandali da tsaro mai kyau ya fi, don cajin cirewa da haɗarin ɓatar da takardar sun fi amfanin yawa. Tsabobin da aka jingina da dala ma suna iya zamewa: UST ta ruguje a Mayun 2022, USDC ta faɗi ƙasa da santi 90 a Maris 2023 kafin ta farfaɗo.

Ranar fitar da kuɗi, a sayar a Spot kamar yadda aka saya, a tura zuwa asusun banki mai sunanka, babban adadi kuma a fara da kaɗan. A zazzage tarihin ciniki daga manhajar lokaci zuwa lokaci a adana, da kwanan wata da farashin saye da na sayarwa. A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, ko musanya wata tsaba da wata yana iya jawo haraji in an ci riba, kuma banki na iya tsayar da kuɗin da suka shigo har sai an nuna masa takardar inda suka fito.