Sharhi: auna kwarin kogi da manhajar QGIS

Wata uku ke nan ina amfani da QGIS, manhajar zana taswira da nazarinta, wajen fitar da iyakar kwarin kogi, wato duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya haɗu a mafita ɗaya. A da, da fensir nake bin ƙololuwar tuddai a kan taswirar takarda, in yini a kan kwari guda. Yanzu aikin 'yan mintoci ne.

Manhajar kyauta ce, haka ma bayanan tsayin ƙasa. Na SRTM na ɗauko, wato awon tsayin ƙasa da kumbon Endeavour ya tattara da na'urar radar a Fabrairun 2000, kowane ɗigo a taswirar kusan mita 30 ne a ƙasa. Da farko ka mayar da taswirar tsarin shimfiɗa taswira na UTM don awon ya fito da mita, sannan ka sa r.watershed, wani kayan aiki na manhajar GRASS da ake samu a cikin QGIS, ya lissafa inda ruwan kowane ɗigo zai nufa, sai ka dasa alama a mafita. Dasa alamar nan tana son natsuwa. Ranar farko na kauce wa layin rafin da ɗigo ɗaya tak, sai ga wani ɗan mitsitsin kwari a madadin babban da nake nema.

Wajen siffar kwari ba ni da abin cewa sai yabo. Faɗi, tsawo da kewaye suna fitowa tsaf, daga nan ka lissafa ma'aunin tsawaita na Schumm na 1956, wanda ke nuna ko kwarin dogo ne ko ya kusa zama da'ira. Wannan ba lissafin banza ba ne: kwarin da ya kusa zama da'ira, ruwan rassansa kan iso mafita kusan lokaci guda, ambaliya ta zo da ƙarfi, dogon kwari kuwa ruwansa bi da bi yake isowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan magudanai, ma'aunin Horton da ake raba jimillar tsawon rafuka da faɗin ƙasar da kwarin ya mamaye. Kwamfuta ba ta ganin rafi. Kai ne za ka gaya mata ɗigo nawa za su tara ruwa kafin ta kira wurin rafi. Da na sa 1000, rassan sun fito jefi-jefi, da na rage zuwa 200 sai taswirar ta cika da su kamar jijiyoyin ganye, matakan Strahler, wato lambobin da ake jera rafuka da su daga ƙananan rassa zuwa babban kogi, su ma suka sauya. Kwari ɗaya, amsa biyu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma sai ka ga layuka miƙaƙƙu reras, alhali ruwa ba ya tafiya haka, ga kuma dazuzzuka inda radar ke yawan auna kan bishiyoyi maimakon ƙasa.

Shi ya sa yanzu ba na karɓar kowane layi sai na ɗora shi kan hoton tauraron ɗan'adam na ga kwazazzabon da idona, kuma duk rahoton da na rubuta sai na bayyana adadin ɗigon da na zaɓa.